Hayaƙin gobarar daji: abin da tauraron ɗan'adam ke gani da abin da ke shige masa duhu

Ranar 9 ga Satumban 2020 mutanen San Faransisko a jihar Kalifoniya suka wayi gari rana ta ƙi fitowa. Har azahar sama jawur take, motoci na tafiya da fitilu a kunne. Amma na'urorin auna ingancin iska da ke cikin birnin ba su nuna tashin hankalin da ya kai wanda ido ke gani ba. Ranar 7 ga Yunin 2023 irin wannan launi ya rufe birnin Niyok da ke gabashin Amurka, sai dai a wannan karon na'urorin sun haura har matakin da hukumomi ke kira mai haɗari. Aka ɗage wasanni, aka jinkirta tashin jirage, aka shawarci jama'a kowa ya zauna a ɗaki.

Wanda ya ajiye hotunan tauraron ɗan'adam na ranakun nan biyu gefe da gefe, abu ɗaya zai gani: hayaƙi mai kauri ya lulluɓe gari. Hoton bai nuna masa ko hayaƙin yana can sama ne ko kuwa yana daidai hancin mutane ba, alhali wannan ne ya raba ranakun biyu. Kusan duk wahalar aikin bin diddigin hayaƙi daga sararin samaniya a kan wannan tambaya take.

Taurarin da ke wannan aiki iri biyu ne, kuma kowane yana da inda ya gaza. Akwai waɗanda ke nesa, kusan kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, don haka kullum fuska ɗaya suke kallo. GOES na Amurka, Himawari na Japan da Meteosat na Turai duk a wannan sahu suke. Na'urar da ke kan GOES na zamani tana ɗaukar hoton dukan ɓangaren duniyar da take kallo duk minti 10, kuma ana iya saita ta ta riƙa ɗaukar wani ƙaramin yanki duk minti ɗaya. In aka jera hotunan sai su zama bidiyo, ka ga hayaƙi yana tasowa bayan azahar, yana lanƙwasa, yana bin iska. Matsalarsu nisa. Ɗigo ɗaya daga cikin ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoton zafinsu, wato hoton da ke nuna ɗumin abubuwa, yakan ci kilomita 2 a inda suka fi gani da kyau, kuma da zarar an nausa arewa, wajen dazuzzukan Kanada ko Siberiya, a karkace suke hangowa, ɗigon ya ƙara faɗi.

Na biyun suna kusa, tsakanin kilomita 700 zuwa 830, suna zagaya duniya ta kan ƙuryar arewa da ta kudu. Terra da aka harba a 1999 da Aqua da aka harba a 2002 suna ɗauke da na'urar MODIS. Suomi NPP na 2011 da ƙannensa NOAA-20 da NOAA-21 suna ɗauke da VIIRS, wadda ɗigonta na gano wuta mita 375 ne. Waɗannan sun fi gani tar, amma wucewa suke yi: kowane yakan leƙa wuri ɗaya kamar sau biyu a yini da kwana. Gobarar da ta tashi bayan wucewarsa ta mutu kafin ya dawo, babu ita a lissafinsa.

Kafin a bi hayaƙi sai an san inda ya fito, kuma nan ne ɓangaren da aka fi ƙwarewa. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infared. Ƙasar da rana ta gasa tana fitar da mafi yawan nata a zango, wato tsawon igiyar haske, na kusan maikiromita 10 zuwa 11 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Harshen wuta kuwa, da yake zafinsa yakan haura digiri 600, ƙarfinsa a gajeren zango yake. Idan aka kwatanta wuta da ƙasar da ke kewaye da ita a zangon maikiromita 11, ta fi ta haske sau gommai kaɗan ne. A zangon maikiromita 4 kuwa fifikon ya kai dubbai. To, sai kwamfuta ta riƙa duba kowane ɗigo a zangon biyu. Wanda ya yi tsalle a zango na 4 alhali bai motsa sosai a na 11 ba, kuma ya bambanta da maƙwabtansa, sai a yi masa alamar wuta. Da wannan dabara MODIS ke iya gano gobarar da faɗinta bai wuce murabba'in mita 1,000 ba a cikin ɗigo mai murabba'in kilomita guda, wato kashi ɗaya cikin dubu na abin da ɗigon ya ƙunsa.

Wannan ne ya sa jajayen ɗigogin da ke kan taswirar FIRMS ta hukumar NASA suke ruɗin mutane. Taswirar tana fitar da bayanai cikin kimanin awa 3 da wucewar tauraro, kuma in ka buɗe ta a wasu watanni sai ka rantse rabin wata nahiya ne ke ci da wuta. Ɗigo ɗaya ba ya nufin duk wurin ya kama. Abin da yake cewa kawai shi ne akwai wani abu mai tsananin zafi a cikinsa. Yana iya zama daji, yana iya zama manomi ne ke ƙona karan gonarsa, ko bututun da kamfanin mai ke ƙona iskar gas, ko masana'antar narka ƙarfe, ko dutse mai aman wuta. Har ƙyallin rana a kan rufin kwano ko gonar farantan sola yakan yaudari na'urar wani lokaci.

Shi kansa hayaƙin ya fi wuta wuyar kamawa, don ba shi da zafin da zai tona masa asiri. Da ya yi 'yar tafiya ya huce, ya zama daidai da iskar da ke ɗauke da shi. Abin da ke bambanta shi shi ne girman barbashinsa. Mafi yawan ƙwayoyin hayaƙi ba su kai maikiromita ɗaya ba. Ƙwayoyi masu wannan ƙanƙanta suna warwatsa shuɗin haske fiye da ja, shi ya sa rana ke yin ja a bayan hayaƙi. Haske mai dogon zango kuwa ratsa su yake yi ya wuce abinsa. Don haka idan aka kalli wuri ɗaya da shuɗin zango sai a ga hayaƙi ya toshe komai, in aka koma zangon maikiromita 2 sai ga tsaunuka da koguna da ma bakin wutar a fili. Gajimare ba haka yake ba: ɗigon ruwansa manya ne, fari fat yake a duk launukan da ido ke gani, kuma samansa sanyi ƙalau a hoton zafi. Ƙurar hamada ita ma ƙwayoyinta sun fi na hayaƙi girma, tana barin sawu a hoton zafi wanda hayaƙi ba ya bari. Da irin wannan kwatance ake tace ukun, ko da yake in sun gauraye a iska ɗaya aikin yakan cakuɗe.

Har yau kwamfuta ba ta kori idon mutum daga wannan aiki ba. A hukumar NOAA ta Amurka akwai ƙwararrun da ke zama gaban jerin hotunan GOES suna zana iyakar hayaƙi da hannu, suna raba shi gida uku: mara kauri, matsakaici da mai kauri. Sun fi samun abin da suke so da sanyin safiya da kuma dab da faɗuwar rana, lokacin da haske ke shigowa a kwance, siririn hayaƙin da ba a gani da tsakar rana ya fito sarai. Da dare kuwa sai dai a dogara da wata kafa ta VIIRS mai iya gani da hasken farin wata, in akwai watan.

Bayan an gano shi sai a auna kaurinsa. Ma'aunin da ake amfani da shi, wanda aka fi sani da AOD, yana faɗin yawan hasken rana da barbashin da ke iska ya tare tun daga ƙololuwar sama har ƙasa. In lambar ba ta kai 0.1 ba, sama garau take. In ta kai 1, kusan kashi 37 cikin 100 ne kawai na hasken da ya miƙo kai tsaye ke isowa ƙasa in rana na tsaka. In ta kai 3, kashi 5 ne. Tauraro ba ya auna wannan kai tsaye. Hasken da ya dawo masa yake karɓa, sai a cire rabon da ake jin ƙasa ce ta maido, ragowar a ce na barbashi ne. A kan teku ko daji mai duhu lissafin yana tafiya daidai. A kan rairayin hamada ko ƙanƙara, inda ƙasar kanta ke ƙyalli, yakan yi tangal-tangal. Abin takaici kuma, hayaƙin da ya fi kowane kauri, wanda shi aka fi buƙatar a auna, sau da yawa kwamfuta kan ɗauka gajimare ne ta share shi daga taswira. Don a riƙa gyara kuskure akwai jerin na'urori a ƙasa, AERONET, da ke kallon rana kai tsaye daga ɗaruruwan wurare a duniya.

Inda gajimare ya shiga tsakani ana komawa ga hasken ultirabayolet, wani haske mai gajeren zango da shi ma ido ba ya gani. Hayaƙi yana shanye wannan haske, gajimare kuwa maido shi yake yi, don haka na'urori irin su OMI da TROPOMI suna iya gano hayaƙin da ke shawagi a saman gajimare. Haka ake bin hayaƙin da ke tashi daga ƙone-ƙonen tsakiya da kudancin Afirka tsakanin Yuli da Oktoba, ya haye saman farin gajimaren kudu maso gabashin Tekun Atlantika. TROPOMI, da ke kan tauraron Sentinel-5P tun 2017, tana kuma auna iskar kabon monoksaid da gobara ke fitarwa, wadda ke yin makonni a sama kafin ta lalace. Ko da barbashin ya baje har ido ya daina ganinsa, wannan iska tana nuna hanyar da ya bi.

Sai dai duk waɗannan ma'aunai jimla suke bayarwa. Mai leƙa rijiya daga sama zai iya cewa ruwan ya gurɓace, amma ba zai iya cewa dattin a saman ruwan yake ko a gindi ba. AOD mai lamba 2 na iya zama hayaƙin da ke kilomita 6 a sama, mutane na shaƙar iska mai kyau a ƙarƙashinsa. Yana kuma iya zama hayaƙin da ya kwanta a mita 500 na ƙasa, asibitoci na cika da masu asma. Abin da ya faru a San Faransisko ke nan: sanyayyar iskar teku ta kwanta a kan birnin, hayaƙin ya hau kanta ya zauna, ya tare rana bai sauko sosai ba a ranar. Kwanakin da suka biyo baya ne ya sauko, a lokacin sama ta daina ja ta koma toka-toka, iskar kuwa ta fi muni nesa ba kusa ba. A Niyok kuwa wata guguwar iska da ta yi tsaye a gabashin yankin ce ta riƙa janyo hayaƙin gobarar lardin Kebek na Kanada zuwa kudu a ƙasa-ƙasa. A ƙarshen watan na Yuni hayaƙin Kanada ya tsallake Atlantika ya isa Fotugal da Sifen, amma da yake a sama ya zo, mafi yawan abin da mutane suka gani shi ne dishi-dishin sama da jan faɗuwar rana.

Hanyoyin auna tsayin hayaƙi daga sama ba su da yawa, kuma kowace a takure take. Na'urar MISR da ke kan Terra tana da kyamarori 9, wasu na kallon gaba, ɗaya na kallon ƙasa tsaye, wasu na kallon baya. Cikin minti 7 sukan ɗauki wuri ɗaya ta kusurwa tara, kuma gwargwadon yadda hayaƙi ya gusa daga hoto zuwa hoto ake lissafa tsayinsa. Amma faɗin da take gani bai kai kilomita 400 ba, kuma da hantsi take wucewa, kafin gobara ta yi ƙarfin da take yi da la'asar. Ɗaya hanyar ita ce harba hasken leza zuwa ƙasa a auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo daga kowane hawa na iska. Tauraron CALIPSO na Amurka da Faransa ya yi wannan aiki daga 2006 zuwa 2023, kuma EarthCARE na Turai da Japan, da aka harba a watan Mayun 2024, ya ɗora daga nan. Hoton da leza ke bayarwa yana da ban sha'awa ƙwarai, don yana nuna hayaƙi hawa-hawa tun daga ƙasa har sama. Amma siririn layi ɗaya ne tal a ƙarƙashin tauraron. In hayaƙin yana kilomita 50 gefe, ya wuce shi bai sani ba.

Abin da waɗannan na'urori suka nuna shi ne mafi yawan gobara ba ta tura hayaƙinta sama da kilomita ɗaya ko biyu na farko, wato hawan iskar da ke motsuwa yana cakuɗuwa a lokacin yini. Da dare wannan hawa yakan tsuke ya koma 'yan ɗaruruwan mita, hayaƙin ya taru a kwari, shi ya sa garuruwan da ke kusa da gobara suka fi shan wuya da asuba. 'Yan kaɗan daga cikin gobarar ne ke da ƙarfin huda wannan rufi, amma su ne ke aika hayaƙi nahiya zuwa nahiya.

Mafi tsananinsu ita ce wadda ke haɗa hadarinta da kanta. Zafin wutar yana tura iska sama da ƙarfi, tururin da ke cikinta ya daskare ya zama gajimare, daskarewar ta ƙara sakin zafi, abin ya ci gaba da hawa har ya zama hadari mai tsawa da walƙiya. A hoton zafi na tauraro ana gane shi nan take: wani tabo mai tsananin sanyi, ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifili, ya ɓullo a daidai kan tabo mai tsananin zafi. Irin wannan hadari yana iya kai hayaƙi hawan sitiratosfiya, can sama da inda gajimare ya saba taruwa, inda babu ruwan saman da zai wanke shi. Ranar 12 ga Agustan 2017 gobarar lardin Biritish Kolombiya a Kanada ta yi haka, kuma cikin wata biyu hayaƙin ya ƙara hawa daga kusan kilomita 12 zuwa 23, saboda baƙin barbashinsa na shan zafin rana yana ɗumama iskar da ke kewaye da shi. Na Ostireliya a ƙarshen Disamban 2019 da farkon Janairun 2020 ya fi wannan. Hayaƙin ya rina ƙanƙarar tsaunukan Niyuzilan, ya tsallake Fasifik ya isa Cili da Ajantina, ya zagaye duniya. Wani dunƙulensa mai faɗin kusan kilomita 1,000 ya riƙa juyawa yana hawa har kusan kilomita 35, taurari na biye da shi wajen wata uku.

Hoto dai labarin abin da ya riga ya faru yake bayarwa. Mai ciwon huhu da shugaban makaranta da matuƙin jirgi kuwa gobe suke tambaya. Nan ne lissafin kwamfuta ke shigowa. Daga hasken zangon maikiromita 4 ana fitar da ƙarfin wutar da megawat. Gwaji ya nuna akwai dangantaka kusan miƙaƙƙiya tsakanin wannan ƙarfi da yawan itace da ciyawar da ke ƙonewa, don haka daga shi ake ƙiyasta nauyin abin da ya ci. Sai a dubi taswirar tsirrai a ga daji ne ko ciyawa ko gona, don kowane da yawan hayaƙin da kilo ɗayansa ke fitarwa. Sai a ƙiyasta tsayin da zafin zai kai hayaƙin, a zuba shi cikin lissafin hasashen yanayi, iska ta ɗauke shi. Tsarin HRRR-Smoke na Amurka yana yin haka da ɗigo mai kilomita 3, yana sabuntawa duk awa. Hukumar CAMS ta Tarayyar Turai tana yi wa duniya baki ɗaya hasashen kwana 5.

Kowane mataki a nan ƙiyasi ne a kan ƙiyasi, kuma a ganina ya kamata masu yaɗa waɗannan taswirori su riƙa faɗin haka. Gajimare ko hayaƙin kansa na iya rufe wutar, sai lissafi ya ɗauka ta lafa. Yawancin tsare-tsaren suna ɗauka cewa gobarar gobe za ta ci kamar ta yau, alhali iska na iya juyawa ta ninka ta cikin awa kaɗan. In kuma aka yi kuskuren tsayi da kilomita ɗaya ko biyu, an miƙa hayaƙin ga wata iska dabam mai wata alƙibla dabam. Ko a jimlar shekara ma ba a cika haɗuwa ba. Gobarar Kanada ta 2023 ta cinye kimanin hekta miliyan 15. CAMS, da ke lissafi daga ƙarfin wuta, ta ce ta fitar da kusan tan miliyan 480 na kabon. Masu bincike na NASA da suka bi ta kan kabon monoksaid ɗin da TROPOMI ta auna sun samu sama da tan miliyan 640. Gobara ɗaya, taurari na kallo, tazarar ta haura tan miliyan 150.

Inda lissafin ya fi shan kaye shi ne gobarar ƙarƙashin ƙasa. A tsibiran Sumatara da Borniyo na Indunusiya akwai dausayin da ruɓaɓɓen tsiro ya taru a cikinsa shekaru dubbai. In aka janye ruwansa don noma ya bushe, yana kama wuta ya riƙa ci a hankali a ciki, babu harshe, zafin da ke fitowa sama kaɗan ne, hayaƙin kuwa mai yawan gaske ne. A 2015, shekarar fari, hayaƙin ya rufe Singafo da Maleshiya makonni, aka rufe makarantu. Tauraron da ke neman tabo mai zafi kaɗan yake gani daga irin wannan wuta, don haka sai an yi wa lissafin gyara na musamman a yankunan da aka san akwai irin wannan ƙasa.

Saboda haka ne har gobe ba a rabuwa da na'urar da ke kafe a ƙasa tana zuƙar iska. Ita ce ke auna PM2.5, barbashin da bai wuce maikiromita 2.5 ba, wanda ke shiga can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsakaicinsa na awa 24 kada ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska, hayaƙi mai kauri kuwa yakan kai shi ɗaruruwa. Na'urar ƙasa gaskiya take faɗi amma ta unguwarta kawai ta sani. Tauraro ya ga ko'ina amma bai san hawa ba. Ana haɗa su biyun, a koya wa kwamfuta yadda lambar sama ke dacewa da ta ƙasa a wuraren da ake da duka, sannan ta cike guraben da babu na'ura. Mai duba taswirar hasashe kuma ya lura da abin da aka rubuta a kanta, don tsarin HRRR-Smoke taswira biyu yake fitarwa: ta jimlar hayaƙi daga sama har ƙasa, da ta hayaƙin da ke dab da ƙasa. Ta farkon ta fi ban tsoro, ita ce kuma ke yawo a Facebook. Ta biyun ce ta shafi numfashi.

Sabon abin da ya shigo shi ne ɗora na'urorin auna sinadaran iska a kan taurarin nan masu tsayawa wuri ɗaya, don a riƙa samun awo duk awa maimakon sau ɗaya a yini. Koriya ta Kudu ta harba GEMS a 2020 yana kallon gabashin Asiya, Amurka ta harba TEMPO a 2023 yana kallon Arewacin Amurka, Turai ta harba Sentinel-4 a 2025 yana kallon Turai da gefen arewacin Afirka. Dukansu arewacin duniya suka fuskanta. Fiye da rabin ƙasar da wuta ke ci kowace shekara a duniya a Afirka take, ga kuma dajin Amazon, wanda hayaƙin yankinsa ya haɗu da hadari ya mai da la'asar ɗin birnin Sawo Fawulo dare ranar 19 ga Agustan 2019. Waɗannan yankuna babu irin wannan na'ura a kansu, kuma su ne suka fi ƙarancin na'urorin ƙasa da za a gwada lissafin tauraro da su.